Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirin Koyar da Manya Karatu da Rubutu da Yadda Ake Auna Sakamakonsa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin malaman azuzuwan manya, da jami'an ilimi na ƙananan hukumomi, da 'yan ƙungiyoyin sa-kai, duk lokacin da aka zauna maganar yaƙi da jahilci. Amsoshin sun fi karkata ga Nijeriya, tare da waiwayar Nijar da wasu ƙasashe a inda abin da suka gwada zai taimaka wajen fahimtar halin da ake ciki.

Wane ne hukuma take ɗauka a matsayin wanda ya iya karatu da rubutu?

Ma'anar da aka fi daɗewa ana aiki da ita ita ce wadda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da ita a 1958, wato mutumin da zai iya karanta gajeren bayani mai sauƙi game da rayuwarsa ta yau da kullum, ya gane abin da ya karanta, kuma ya iya rubuta irinsa. A 1978 aka faɗaɗa ma'anar, aka ce sai mutum ya iya amfani da karatu da rubutu da lissafi wajen tafiyar da harkokinsa da na al'ummarsa. A ƙididdigar duniya, babba shi ne mai shekara 15 zuwa sama.

Masana a yau sun daina raba jama'a gida biyu, masu karatu da marasa karatu, domin abin yana da matakai. Akwai wanda ya san baƙaƙe da wasula amma ba ya iya haɗa su su zama kalma, akwai wanda yake karantawa da ƙyar har kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, akwai kuma wanda zai karanta takardar yarjejeniyar haya ya gane inda aka ɓoye masa tarko. Muradin ci gaba mai lamba 4.6 da ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da shi a 2015 ya tafi a kan wannan fahimta, domin ma'aunin da aka fara sa masa ya nemi a san kason mutanen da suka kai wani tsayayyen mataki na ƙwarewa kafin 2030.

Yaushe aka fara irin wannan shiri a Nijeriya, kuma me aka cim ma?

Gangamin da ya fi shahara a Arewa shi ne Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta gudanar ta hannun hukumomin En'e, hakimai da dagatai suna tara mutane, malamai na wucin gadi suna koyarwa a zaure ko a gindin bishiya, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan jami'an da suka riƙe ragamar aikin. Abin da ya bambanta wancan gangami da waɗanda suka biyo bayansa shi ne an tanadar wa sababbin masu karatu abin da za su karanta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, an kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sannan hukumar samar da littattafai ta Arewa, wato NORLA, wadda ta yi aiki har zuwa 1959, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. Mutumin da ya gama aji yana samun takardar da ke ba shi labarin lardinsa da harshensa, don haka karatun bai kwanta masa ba.

Bayan samun mulkin kai hankalin gwamnatoci ya koma kan makarantun yara, har aka kai ga shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba ilimin manya gurbi a rubuce. Jihar Kano ce ta fara kafa hukuma ta musamman domin ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, kuma aikinta ya jawo mata yabon UNESCO, daga baya sauran jihohi suka yi koyi da ita. A ranar 8 ga Satumba 1982 Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin ƙasa na shekara goma, amma faɗuwar farashin man fetur da juyin mulkin ƙarshen 1983 suka karya masa gwiwa tun bai yi nisa ba. A 1990, shekarar taron ilimi na Jomtien a ƙasar Tailan, gwamnatin soja ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, wadda aka fi sani da NMEC, da doka mai lamba 17.

Idan aka tambayi abin da duk waɗannan gangamomi suka cim ma a zahiri, amsar ita ce yawancin abin da suka bari a rubuce adadin waɗanda aka yi wa rajista ne da adadin takardun shaida da aka raba. Ƙirga sunayen da ke rajista kuwa daidai yake da manomi ya ƙirga mudun irin da ya zuba a gona ya ce shi ne damin da ya ɗaure.

Wace hukuma ce ke da alhakin aikin a yau?

An raba aikin hawa uku. Hukumar NMEC, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta tarayya, ita ce mai tsara manufa da manhaja da ƙa'idoji. Hukumomin ilimin manya na jihohi 36 da na Abuja su ne masu buɗe azuzuwa da sa ido a kansu, ƙananan hukumomi kuma ana sa ran su samar da wurin zama su taimaka da alawus ɗin malamai. A gefe guda akwai hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 mai hedkwata a Kaduna, da ƙungiyoyin addini da na sa-kai, cikinsu har da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985, waɗanda a wurare da dama azuzuwansu sun fi na gwamnati ɗorewa. Matsalar wannan rabo ita ce mai tsara manufa ba shi ke biyan malami ba, mai biyan malami kuma babu wanda ke tilasta masa.

Mutum nawa ne ba su iya karatu ba a Nijeriya, kuma me ya sa alƙaluman suke cin karo da juna?

Alƙaluman suna cin karo ne saboda ba abu ɗaya suke aunawa ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2010 ya nuna kashi 57.9 cikin 100 na manya sun iya karatu da rubutu da Turanci, amma da aka ce da kowane harshe, adadin ya tashi zuwa kashi 71.6. Binciken lafiya da yawan al'umma na 2018, wanda hukumar ƙidayar jama'a ta gudanar, ya samu kashi 53 na mata da kashi 72 na maza, amma shi ya taƙaita ne ga masu shekara 15 zuwa 49. Bankin Duniya kuma yana ba da kashi 62 a wannan shekarar ta 2018. Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya kwatanta da ɗaya, ya ce an ci gaba ko an koma baya, ya yi kuskure tun daga tushe.

Babban bambancin yana cikin yadda ake samun amsa. A ƙidayar jama'a, wadda rabon Nijeriya da ita tun 2006, tambaya kawai ake yi, kuma sau da yawa maigida ne ke amsawa a madadin duk mutanen gidansa. Mutum yana iya cewa matarsa ta iya karatu domin ta yi aji huɗu a firamare shekara ashirin da suka wuce, wani kuma yana iya cewa bai iya ba alhali yana rubuta wasiƙa da ajami, domin a zatonsa boko kaɗai ake nufi. A binciken lafiya kuwa, jami'i yana miƙa wa mutum kati mai ɗauke da gajerun jimloli ya ce ya karanta ɗaya, sannan ya rubuta ko ya karanta duka, ko wani ɓangare, ko ya kasa. Wannan ya fi tambayar baki, amma wanda ya karanta ɓangaren jimla kawai shi ma ana sa shi cikin masu karatu, kuma ba a gwada rubutu ko lissafi ko fahimtar abin da aka karanta.

Abin da duk binciken suka yi tarayya a kai shi ne giɓin ya fi faɗi a shiyyoyin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, ya fi tsanani a karkara, kuma mata ne suka fi yawa a ciki. Haka abin yake a duniya, inda manyan da ba su iya karatu ba sun haura miliyan 700, kusan kashi biyu cikin uku kuma mata ne.

Mene ne tsarin aunawa na ƙasa, kuma me ya bambanta shi da jarrabawar ƙarshen aji?

Aunawa iri uku ce, kuma kowacce da tambayar da take amsawa. Ta farko ita ce wadda malami ke yi a cikin aji domin ya san wanda aka bari a baya. Ta biyu ita ce ta ƙarshen shiri, wadda ke nuna ko waɗanda suka zauna a aji sun koyi abin da aka yi alkawarin koya musu. Ta uku ita ce ta bi gida-gida, inda ake zaɓen samfurin jama'a bisa ƙa'idar ƙididdiga a gwada su kai tsaye, ko sun taɓa shiga aji ko ba su taɓa ba, domin a san matsayin ƙasa baki ɗaya. Tsarin ƙasa shi ne wanda ya haɗa ukun a kan matakai iri ɗaya, ta yadda mataki na biyu a Daura zai zama shi ne mataki na biyu a Yola, kuma a riƙa maimaitawa a kan lokaci.

Ƙasar Kenya ta yi irin aunawa ta uku, wato ta bi gida-gida, a 2006, ta samu cewa kashi 61.5 na manyanta ne suka kai mafi ƙarancin matakin da aka gindaya, waɗanda suka kai matakin da ake so kuwa ba su cika kashi 30 ba, alhali alƙaluman da aka saba bayarwa kafin nan sun fi haka daɗin ji. Cibiyar ƙididdiga ta UNESCO da ke Montreal ta fara wani shiri mai suna LAMP a 2003, wanda ke gwada karatun zube, da karatun takardu irin su fom da jadawali, da lissafi, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka gwada kayan aikinsa da Faransanci da harsunan ƙasa, Hausa tana cikinsu. Shirin ya yi tsada kuma yana buƙatar ƙwararru da yawa, shi ya sa ƙasashe kaɗan ne suka kai shi ƙarshe. A 2011 cibiyar UNESCO ta ilimin manya da ke Hamburg ta fara wani mai suna RAMAA tare da Burkina Faso, Mali, Maroko, Nijar da Senegal, shi kuma ya mai da hankali ga waɗanda suka kammala azuzuwa, daga baya ya faɗaɗa ya haɗa da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe. Nijeriya tana da jarrabawar kammala aji a jihohi, amma babu wani gwajin bi gida-gida na musamman da ake maimaitawa a kai a kai wanda zai ba da damar kwatanta shekara da shekara.

Yaya ya kamata a yi wa babba jarrabawa?

Abu na farko shi ne a gwada shi ranar da ya shigo. Azuzuwan manya da yawa cike suke da waɗanda suka taɓa yin firamare suka bari, kuma idan ba a san inda kowa ya faro ba, shirin zai ɗauki ladan karatun da ba shi ya koyar ba. Abu na biyu shi ne a guji tara dattawa a babban ɗaki a raba musu takarda kamar 'yan sakandare, domin magidancin da ke jin nauyin a ga ya kasa a gaban surukinsa ko maƙwabcinsa ba zai zo ba sam, ko da yana jin ana cewa gemu ba ya hana ilimi. Ana zama da mutum shi kaɗai, mace kuma mace ce ke gwada ta.

Kayan gwajin su fito daga abin da yake gani a rayuwarsa. A miƙa wa uwa katin asibiti a tambaye ta ranar da za ta mai da yaro rigakafi, a ba ta kwalbar magani ta faɗi sau nawa za a sha a yini. A nuna wa manomi rubutun da ke jikin buhun taki ko galan ɗin maganin feshi, a nuna wa ɗan kasuwa saƙon banki a waya ya faɗi nawa aka turo da nawa ya rage. A fannin rubutu, a fara daga rubuta suna maimakon dangwale, a kai ga gajeren saƙo da wani zai karanta ya gane ba tare da an yi masa bayani ba. Lissafi yana buƙatar kulawa ta daban, domin mai sayar da ƙuli-ƙuli da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta iya riga mai jarrabawar fitar da canji a ka. Idan aka gwada ta a takarda kaɗai za a rubuta cewa ba ta iya lissafi ba, alhali abin da ba ta iya ba shi ne rubuta lambobin, saboda haka dole a raba lissafin baki da na takarda.

Sharaɗi na ƙarshe, wanda a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa, shi ne a koma wajen wasu daga cikin ɗaliban bayan wata shida ko shekara guda a sake gwada su. Abin da ya rage a hannun mutum a lokacin shi ne ainihin abin da shirin ya ba shi.

Wanda ya iya karatun Alƙur'ani ko rubutun ajami, a wane ɓangare ake sa shi?

Wannan tambaya tana da nauyi a ƙasar Hausa, inda rubutu ya riga zuwan Turawa da ƙarnuka, inda kuma tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara hanyar ilimantar da matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji, jagororin 'Yan Taru, suna ɗauke da waƙoƙin ajami zuwa ƙauyuka. Har yau ajami yana jikin takardun naira 200 da 500 da 1000, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Bisa ma'anar UNESCO ba a ƙayyade harshe ko nau'in rubutu ba, saboda haka wanda yake rubuta lissafin bashi ko wasiƙa da ajami, kuma yana karanta ta wani ya gane, mai karatu ne ba tare da wata jayayya ba.

Inda ake buƙatar tantancewa shi ne tsakanin wanda ke iya biya rubutun Larabci daidai ba tare da sanin ma'ana ba, da wanda ke iya amfani da baƙaƙen wajen rubuta maganarsa. Na farkon yana da rabin hanya a hannu, domin ya riga ya san cewa alama tana wakiltar sauti, ya saba da zama a gaban allo, kuma irinsa yakan kama boko da sauri. Tsarin aunawa na gaskiya ya kamata ya tanadi kwafin ajami, duk da wahalar da ke tattare da cewa ƙa'idar rubutunsa ba ta daidaitu tsakanin malamai kamar ta boko ba. Gwajin da ba shi da wannan kwafi zai ci gaba da ƙara yawan marasa karatu a Arewa fiye da yadda suke.

Da wane harshe ya kamata a koyar, kuma da wanne za a yi jarrabawa?

Ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce a fara da harshen da mutum yake magana da shi, domin koyon karatu da koyon baƙon harshe a lokaci guda kaya biyu ne. Hausa tana da sa'a a nan, saboda rubutunta na boko yana bin furuci sosai, kuma an yi aikin daidaita shi tun daga hukumar harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Sai dai ɗalibai da yawa Turanci suke so a Nijeriya, Faransanci kuma a Nijar, domin da su ake cike fom da neman aiki, kuma shirin da ya yi watsi da wannan buri zai rasa mutanensa. Mafita ita ce a gina tushe da harshen gida sannan a shigar da harshen hukuma a mataki na gaba. Jarrabawa kuwa ba a fassara ta kai tsaye daga wani harshe, domin jimlar da ke da sauƙi a wani harshe tana iya yin wuya a wani. Ana gina ta ne a cikin kowane harshe sannan a daidaita matakan wahalarta.

Gangami na ɗan lokaci ya fi, ko shiri na dindindin?

Masu son gangami sukan kafa hujja da Kuba, wadda a 1961 ta rufe makarantu na wasu watanni ta tura ɗalibai kimanin 100,000 ƙauyuka tare da sauran masu sa-kai, ta sauko da kason marasa karatu daga kusan 23 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Amma Kuba ƙaramar ƙasa ce mai harshe ɗaya da gwamnatin juyin juya hali da ke iya tattara kowa da umarni ɗaya, Nijeriya kuwa tana da harsuna sama da 500 da ƙananan hukumomi 774. Misalin Tanzaniya ya fi kusa da mu. Shugaba Julius Nyerere ya ayyana 1970 a matsayin shekarar ilimin manya, aka koyar da Swahili, aka kafa jaridun karkara da ɗakunan karatu na ƙauye, kuma daga 1975 aka riƙa yi wa ɗalibai jarrabawar ƙasa mai matakai. Nasarar ta kasance babba, amma da tattalin arziki ya tsananta kuɗin shirin ya ragu, sai adadin marasa karatu ya sake hawa. Gangami yana da amfani wajen tayar da jama'a, amma sai an riga an shirya inda za a kai su bayan an tayar da su.

Me ke sa ɗalibai barin aji, ko manta abin da suka koya?

Dalilan a fili suke ga duk wanda ya taɓa duba rajistar aji. Sunaye suna cika shafi a watan farko, da damina ta faɗi sai layukan su fara zama babu alama, da kaka ta wuce kuma samari su tafi ci-rani. Mata suna fama da goyo da girki da biki da neman izinin maigida, kuma aji mai nisa ko wanda namiji ke koyarwa yakan hana wasu zuwa tun farko. Akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba: mutumin da ya haura shekara 40 idonsa yakan fara kasa ganin ƙananan baƙaƙe a kusa, sai ya riƙa nisanta littafin daga fuskarsa, malami ya ɗauka ba ya ganewa, shi kuma ya ɗauka kansa ne ya toshe, alhali tabarau mai rahusa da littafi mai manyan baƙaƙe za su warware matsalar.

Mantuwa kuwa tana zuwa ne idan an sallami mutum kafin karatunsa ya yi gudu. Matakin farko a Nijeriya na wata shida zuwa tara ne, kuma wanda ya tsaya a nan, ya koma gidan da babu ko kalanda a bango, karatun yakan zube cikin ɗan lokaci.

Su wa ke koyarwa, kuma nawa shirin ke ci?

Yawancin malaman na wucin gadi ne, horonsu na 'yan kwanaki ne, alawus ɗinsu kaɗan ne kuma yakan yi watanni bai fito ba. A 2005 ƙungiyar ActionAid da gamayyar masu fafutukar ilimi ta duniya suka fitar da ma'aunai bayan nazarin shirye-shirye a ƙasashe da dama, inda suka ba da shawarar kada malami ɗaya ya wuce ɗalibai 30, a biya shi daidai da mafi ƙarancin abin da malamin firamare ke samu a kan sa'o'in da ya yi, a kashe dala 50 zuwa 100 a kan kowane ɗalibi a shekara har shekara uku, kuma gwamnati ta ware wa ilimin manya aƙalla kashi 3 na kasafin kuɗin ilimi. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci koyar da manya kyauta, amma ya rataya shi a kan lokacin da hali ya samu. Kashi 2 na kuɗin shigar tarayya da dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kuwa, kusan dukansa makarantun yara yake tafiya.

Rediyo da wayar hannu za su iya maye gurbin aji?

Ba za su iya ba, amma suna taimakawa. Nijeriya ta gwada koyarwa ta rediyo bisa tsarin da aka aro daga Kuba, kuma abin da ke sa irin wannan shiri ya yi aiki shi ne masu sauraro su kasance da littafi a hannu, su kuma riƙa haɗuwa da malami a kai a kai yana duba rubutunsu. A Nijar an yi wani gwaji mai suna ABC a ƙauyukan Dosso da Damagaram a 2009 da 2010, inda aka koya wa wasu azuzuwan manya amfani da ƙaramar waya, sauran kuma aka bar su da darasin da aka saba. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Ƙimar wannan gwaji ita ce an auna kafin a fara, an auna bayan an gama, kuma akwai waɗanda aka kwatanta da su. Sai dai a lura cewa wayar yau ta canza, domin saƙon murya na WhatsApp ya ba mutane hanyar isar da magana ba tare da rubuta harafi ɗaya ba, wanda hakan ya rage ɗaya daga cikin dalilan da ke tura mutum aji.

Takardar shaidar kammalawa tana da wani amfani?

Tana da amfani idan tana buɗe ƙofa. A tsarin Nijeriya, matakin farko yana daidai da aji ɗaya zuwa uku na firamare, mataki na biyu yana daidai da aji huɗu zuwa shida, sannan akwai na ci gaba da ke kai mutum ga jarrabawar sakandare. Darajar takardar ta dogara ga wanda ya yi gwajin. Idan malamin da ake auna ƙwazonsa da yawan waɗanda suka ci shi ne ke ba da maki, kowa zai ci. Afirka ta Kudu, a shirinta na Kha Ri Gude da ta fara a 2008 cikin harsunan hukuma 11 na wancan lokaci, ta sa kowane ɗalibi ya cike kundin ayyuka a tsawon karatunsa, aka riƙa tattara kundayen a cibiya ɗaya, hukumar tantance takardun ilimi ta ƙasar tana ɗibar samfuri tana sake dubawa.

Idan jiha tana son kafa tsarin aunawa da ɗan abin da take da shi, daga ina za ta fara?

Ba sai ta jira babban bincike na ƙasa ba. Za ta fara da rubuta matakai huɗu ko biyar cikin harshe mai sauƙi, kowanne da misalin abin da mai shi zai iya yi, sannan ta haɗa kai da sashen ilimin manya na wata jami'a, irin na Jami'ar Bayero a Kano ko na Jami'ar Ibadan, a tsara gajeren gwaji na boko da ajami wanda ba zai wuce rabin sa'a ba. Za a gwada kowane ɗalibi ranar shiga da ranar fita, kuma masu gwajin fita su zo daga wata ƙaramar hukuma dabam. Kowace shekara a zaɓi wasu azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, a bi tsofaffin ɗalibansu har gida a sake gwada su. Sakamakon kuma a buga shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, maza daban mata daban, tare da adadin waɗanda suka yi rajista, da waɗanda suka kai ƙarshe, da watannin da aka biya malamai alawus, a miƙa wa majalisar dokokin jiha kafin ta zauna kan kasafin kuɗin shekara mai zuwa.